Jawabi a kan fashin yara ga makaranta, wanda anka yi ga taron malamai da almajirai cikin birnin Sakkwato

 Ya ku malamai, ya ku almajirai, ku saurara mini kaɗan. Abin da yat tara mu yau fashi ne. Ba fashi da makami nika nufi ba, fashin makaranta, wanda ba a kai kowa gaban alƙali dominsa, alhali shina ƙwace wa yaro abin da ba a mayar masa.

Ku sani yaran da karatu ka wucewa iri biyu ne. Akwai wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, shi ne hukumar UNICEF tad daɗe tana ƙidaya irinsa miliyan 10 da rabi cikin Nijeriya. Akwai kuma wanda sunansa shina cikin littafin kiran suna, ubansa ya ɗinka masa tufafin makaranta, amma shi yaron Litinin shina aji, Talata shina bakin kasuwa. Na biyun nan nika magana a kansa, domin shi ba ya shiga lissafin kowa.

Mutanen Amurka sun yi wa wannan ciwo ma'auni. Shekarar karatunsu kamar kwana 180 ce. Sun ce yaron da yar rasa kwana ɗaya cikin goma, wato kwana 18, ko da uzuri ko ba uzuri, ya zama mai yawan fashi. Ku lissafa, kwana biyu ke nan ga wata, abin da mu nan ba mu ɗauka komai ba. Kafin annobar korona irin waɗannan yara kamar 15 ne cikin 100 gare su, zuwa shekarar 2022 sunka kai kamar 28. Ban kawo wannan don mu yi musu dariya ba. Na kawo shi don su sun ƙidaya nasu, sun san yaro da sunansa.

To, me ya sa iyayenmu ba su jin zafin kwana biyun nan? Ni ga ganina, sabo da makarantar allo ne. Almajiri in ya yi fashi, allonsa shina jingine shina jiransa. Ran da yak komo, inda yat tsaya nan malam za shi biya masa, babu abin da yaɓ ɓace sai lokaci. Amma ajin boko ayari ne, ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Ran da anka koya tarawa yaro bai zo ba, gobe ana koyar da ɗebewa, jibi an shiga sau. Sai ya zauna shina kallon allo kamar baƙo, a tambaye shi ya kasa, yara su yi dariya. Daga nan kunya ta sa shi ƙara fashi, fashin ya ƙara masa kunya, har ya bar zuwa.

Bari in faɗi laifina da bakina. Sa'ad da nika karantarwa ga wata makaranta cikin garin nan, akwai wani yaro mai yawan makara da fashi. Kullum yaz zo sai in tarbe shi da bulala, ina ganin gyara nika yi. Sai ya ɗauke ƙafa ɗungum. Bayan wata guda nig gamu da shi shina tura kurar ruwa. Ashe uwarsa ke kwance ba lafiya, shi ka nemo abin da za su ci da safe kafin ya taho. Ban taɓa tambayarsa ba, ko sau ɗaya. Bulalata ce tak kore shi, kuma bai komo ba.

Dalilan fashi ba ɓoyayyu ba ne. Talla ce ga 'yan mata, domin jarin uwa bisa kan ɗiyarta ya ke fita. Aikin gona ne da damina, da zazzaɓin cizon sauro da ka biyo ruwan sama. Yunwa ce. Har tsutsar ciki: ga ƙasar Kenya, wasu masana biyu, Miguel da Kremer, sun bayyana a 2004 cewa ba yara maganin tsutsa cikin makarantu ya rage fashi da kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai tsoro kuma, wanda ba a zargin kowa da shi. A watan Maris na 2024 'yan bindiga sunka ɗebe almajirai 15 ga Gidan Bakuso cikin ƙasar Gada. Wane uba za shi ji wannan hankalinsa ya kwanta? Sa'an nan akwai dalilin da ba mu son ji, fashin malam da kansa. Yaron da yat tako rana ta watan Afrilu yaz zo, yai iske aji babu malam, kada ku tambaye shi don me bai zo gobe ba.

Hukuma ta yi nata. Nan Sakkwato shugaba Obasanjo yaƙ ƙaddamar da shirin UBE ran 30 ga Satumba 1999. Dokar 2004 ta sa karatun shekara tara kyauta kuma tilas, ta ce uban da yaƙ ƙi a fara da yi masa faɗa, in ya sake tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. A 2012 shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ga Gagi. Ƙarshen 2015 gwamna Tambuwal ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Amma abin da yaf fi kama hankalina shi ne kuɗin da anka fara ba iyaye mata a 2014, nan da jihar Neja, naira 5,000 ga kowace ɗiya lokaci bayan lokaci. Wanda yay yi wannan dabara ya gane inda gizo ke saƙa, ya san tara ba ta sauke faranti daga kan yarinya, sai an mayar wa uwa abin da farantin ka kawowa.

Mu ko ba mu da kuɗin rabo, amma muna da gado. Shehu Usmanu cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ka karantar da almajiran waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda tar rasu a 1864, ba ta zauna jiran mata su taho mata ba. Ta naɗa jajoji, ta ba su malafa, su ka bin ƙauyuka suna kai karatu har cikin gidaje, su ne 'Yan Taru. Wanda bai iya zuwa ba anka bi shi.

Don haka ga abin da nika roƙo. Kowane malam ya riƙa kiran suna da gaskiya, kada ya cika littafi ran Juma'a da alƙalami ɗaya don tsoron mai duba makarantu. Ran Alhamis ya duba wanda yay yi fashi kwana biyu. Bayan La'asar ya tafi ƙofar gidansu, ba da sanda ba, ya yi sallama da uban ya tambayi lafiya. In gidan ba a shiga ne, a aiki dattijuwa ta gana da uwar, domin sau da yawa maganar tana gare ta. In abin ya fi ƙarfin malam, a kai shi ga mai unguwa da liman. Malaman allo da na boko kuma ku zauna ku raba lokaci, kada yaro ya bar ɗaya don ɗaya. Ku kuma manyan almajirai, kowa ya ɗauki ƙane biyu na unguwarsu ya biya musu da safe.

Taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowane malam ya taho da adadin gidajen da yat taka, da abin da yai iske can.