Mashigi ba na mutum ɗaya ba ne

 Yau bakin ruwa za mu sauka, a yankin Sinnar, mu yi maganar mashigi, wato wurin da jirgi ke tsayawa ya sauke mutane ya ɗauki wasu. Mu nan "mushra" muke ce masa, kamar yadda muke kiran kogin kansa "bahar". Mutanen Yawuri da Gaya, ku ɗauka kwatarku nake nufi.

Mutanenmu sun daɗe da wannan ruwa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, ya sauka Shehu Talha a 1906, daga baya aka ƙetara yamma aka kafa Maiurno. Kun ga tun kafuwar garin da fito aka fara. Har yau manomin da gonarsa ke tsallake, da masunci, da mai kai ayaba kasuwa, da ɗan makaranta, duk gangare ɗaya suke bi.

To gangaren nan fa ba ya zama wuri guda. A Agusta da Satumba, idan ruwan Habasha ya sauko, bahar ya cika ya yi ja, gaɓa tana zaizayewa. Idan ya janye sai ya bar taɓo mai santsi, wanda jaki ke nutsewa ciki har gwiwa. Ga kuma dam ɗin Sinnar, wanda aka gama a 1925, da na Rusairis can sama: a buɗe ƙofa ko a rufe, sai ka wayi gari bakin ruwa ya matsa. Saboda haka wurin da ƙafa za ta taka lafiya sau da yawa bai wuce faɗin karo ɗaya ba. Wanda ya tare shi ya tare gari duka.

Bari in ba ku abin da na gani da idona wata safiyar kasuwa. Jirgi na tahowa daga gabas cike da mutane, sai wani bawan Allah ya gangaro da karonsa, buhunan albasa har sama, ya kafa shi daidai bakin ruwa. Hanyar fita ta toshe. Wani saurayi a cikin jirgin ya miƙe tsaye ya fara yi masa ihu, mai karo ya mayar, wasu biyu suka miƙe su ma, jirgi ya fara tangaɗi. Akwai wata tsohuwa da jikanta a gefe, na ga ta rungume yaron ta rufe ido.

Rayyis, wato mai tuƙin jirgin, bai tanka wa mai karo ba tukuna. Ya rage inji, ya tsaya nesa da gaɓa, ya ce wa saurayin: "Ɗana, zauna. Ba zan matsa ba sai kowa ya zauna." Da suka zauna sai ya ɗaga murya: "Alhaji, ja jakinka sama su Inna su fita. Wurinka na hannuna, kai ne na farko." Shi ke nan. Mutumin ya ja karonsa yana ƙunƙuni, aka sauka, aka loda albasarsa kafin ta kowa.

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Yawancin masu tare mashigi ba mugunta ke sa su ba, tsoro ne kada a wuce su a bar su da kaya a rana. Idan ka zage shi gaban jama'a, ka ƙara masa dalili na biyu na ƙin motsawa, domin yanzu janyewa ta zama abin kunya. Rayyis ya cire masa tsoron, ya kuma bar masa mutuncinsa. Wanda kuwa ya fi jefa mutane cikin haɗari a ranar, in za a faɗi gaskiya, saurayin nan ne mai gaskiya a hannu, da ya miƙe tsaye cikin jirgi.

Ka'idojin kansu kowa ya san su, ba sai na ja ba. Na ciki ya fita kafin na waje ya shiga. Ka ɗaure kayanka, ka ware kuɗin fito tun kana sama. Masunci ya gyara tarunsa gefe. Mai raksha ya nemi wani wuri ya wanke ta, don sabulu da baƙin mai a kan taɓo sun isa su karya ƙugun dattijo. Kada ka ɗaure kwalekwalenka a gicciye ka tafi shan shayi. Mai inji ya rage gudu kafin ya iso, saboda igiyar ruwan da yake tayarwa tana buga ƙananan jirage da juna, kuma akwai yara masu wanka da mata masu wanki.

Inda nake so in tsaya shi ne kan mutumin da ya iso bayan jirgi ya cika, ya ce "ai ni kaɗai ne, ya rayyis." Wani lokaci babban mutum ne, wani lokaci surukin rayyis ne, kuma mu Hausawa mun san nauyin ido. Sai fasinja su yi shiru, kowa na jiran wani ya yi magana. A nan shiru ba ladabi ba ne. Rayyis shi ya san iyakar jirginsa, yana ganin inda ruwa ya kai a jikin katako. Idan ya ce ya isa, aikinmu mu tsaya bayansa da murya: "Baba, yi haƙuri, sawu na gaba." Idan kuma rayyis ɗin ne kwaɗayi ya ja, yana ta ƙara mutane, to ka sauka, ka faɗi dalilinka a fili ba tare da zagi ba. Na taɓa yin haka, aka yi mini dariya, amma mata biyu suka biyo ni.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A Agustan 2018, a yankin Buhaira na jihar Nahar an-Nil, yara 'yan makaranta fiye da 20 suka nutse bayan injin jirginsu ya mutu a tsakiyar ruwa. 'Yan'uwa na Kebbi ba su manta da Warra ba, a Mayun 2021. Mu kuma a nan, lokacin da yaƙi ya kai Sinja a tsakiyar 2024, mutane suka yi ta gudu ta ruwa, kuma an rasa rayuka a jirgin da ya kife, yawancinsu mata da yara. Wanda ke gudun harsashi ba a ce masa ya bi layi, na sani. Amma ranar tashin hankali, mashigin da ya saba jin maganar rayyis yana da abin da zai riƙe.

Sai abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Mashiginmu ba Hausawa kaɗai ke binsa ba. Akwai Fulani, da Barebari, da Larabawa makiyaya da dabbobinsu, da waɗanda yaƙi ya koro daga Madani da Hartum, waɗanda ba su san al'adar wurin ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Rusairis da Damazin a Yulin 2022 ya san inda kalma kan kai idan aka haɗa ta da sunan ƙabila. Don Allah, idan mutum ya ɓata maka rai a bakin ruwa, kira shi da abin da ya yi: mai karo, mai raksha, mai shanu. Kada ka kira shi da asalinsa. Baƙo kuwa, kafin ka ce ba shi da kunya, tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgi.

To idan mutum ya maimaita fa, yau ya tare, gobe ya tare? Wannan ba rigimar gangare ba ce. A bari a hau sama, a sami dattawan masunta ko shehun unguwa, a kira shi a zauna. A wasu mashigai masu jirage kan haɗa baki su ƙi ɗaukar kayan irin wannan mutum har sai ya zo ya ba da haƙuri, kuma ban ga wanda ya jure kasuwa biyu ba.

Lokacinmu ya ƙare. Masu sauraro na Yawuri da Gaya da bakin tafkin Cadi, ku aiko mana yadda Sarkin Ruwa ke raba irin wannan gardama a wajenku, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.