Littafin rubutun ƙanwata da dalar Amurka

 Yau zancen takarda za mu yi. Eh, takarda dai, wannan da ake ƙunshe mana ƙosai a ciki.

Makon jiya na raka ƙanwata sayen littattafan rubutu saboda komawa makaranta. Da mai shago ya faɗi kuɗin dozin, sai na ce, "Haba Alhaji, littafin nan fa a Najeriya ake yin sa, me ya haɗa shi da dala?" Ya yi dariya, ya jawo rim ɗaya na farar takarda ya nuna min abin da aka rubuta a jiki. Indonesiya. Ya ce, "Ɗana, mu a nan layi kawai ake ja mata, a sa bango a ɗinke."

Kuma ba yau muka fara ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da takarda mai alamar wata uku. A Italiya ake yin ta, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita. Da yawa daga tsofaffin Alƙur'anan da mahaddatanmu suka rubuta da hannu, a kanta suke. Bambancin kawai, da raƙumi ne, yanzu kwantena ce a tashar jiragen ruwan Legas.

Ni abin da ke ci min rai shi ne, a tsakiya mun gwada yin tamu. Gwamnatin tarayya ta gina masana'antu uku. Ta Jebba a Jihar Kwara ta fara aiki a 1969, tana yin takarda mai kauri ta kwali da buhu. Ta Oku Iboku a Akwa Ibom ta takardar jarida ce. Ta Iwopin a Jihar Ogun kuwa, ita ce aka shirya don farar takardar rubutu da buga littattafai, wato ainihin wadda ƙanwata ke buƙata. An shuka dazuzzukan malaina domin su. Amma zaren itacen malaina gajere ne, sai an cakuɗa shi da mai dogon zare kafin takarda ta yi ƙwari, shi kuma daga waje ake sayo shi. Kayan gyaran injina ma haka. Da darajar naira ta fara zubewa bayan 1986, ga matsalar wuta, ga rashin kulawa, sai suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1990. Ta Iwopin ma ba ta wani jima tana aiki ba. Daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa, ta Jebba ce ta ɗan farfaɗo, ita ma da tsofaffin takardu da kwalaye take aiki.

To su waɗanda muke saya a wurinsu, me suka fi mu? Ku ɗauki Brazil. Bishiyar turare suke nomawa kamar yadda muke noma dawa, cikin shekara bakwai a sare. A Finland da Sweden, inda sanyi yake, itace na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara, amma nasu ne mai dogon zaren. Shi ya sa kasuwar ta rabu: wasu su sayar da ɗanyen ƙullun itace, ƙasashe irin su China su saya su mayar da shi takarda, mu kuma mu sayi gamamme. Ba na cewa duk abin da suka yi abin koyi ne fa. A tsibirin Sumatra na Indonesiya, an share dazuzzuka masu yawa saboda wannan sana'a.

Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Takardar ba ta sauya ba, jirgin bai sauya ba, amma uban da ke da yara biyar a firamare ya ji a jikinsa. Ɗalibin da zai buga furojet ya ji. Marubutanmu na Hausa, waɗanda a da littattafansu ke cika kasuwannin Kano, da yawa sun koma sakin labari a WhatsApp da Wattpad. Waya na cikin dalilai, na yarda, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa kai littafi maɗaba'a nawa takarda ke ci a cikin kuɗin.

Wani zai ce, ai duniya ta koma waya, a bar zancen takarda. Ɗan'uwa, taliyar da ka ci jiya a kwali ta zo shago. Maganin da ka saya a kemis a kwali yake. Yaron aji uku a ƙauye kuma ba da waya zai koyi rubuta sunansa ba.

Saboda haka idan 'yan siyasa suka zo da alƙawarin raba littattafai kyauta, ku karɓa, amma ku tambaye su a ina aka yi takardar. Ku tambaye su ina aka kwana a batun Iwopin. Ni dai a ranar rabin dozin na iya saya wa ƙanwata, na ce ta riƙa rubutu gaba da baya, kada ta tsallake layi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.