Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Ƙarshen Jinyar Zuciya Ba

Ya ku 'yan'uwa mazauna Tudun Wada, idan kitse ya toshe jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini, ƙirji kan ɗaure, zafi ya sauka hannun hagu, gumi ya karyo. A garzaya da mai wannan hali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya bar unguwarmu ya koma Shika a 2005. Can za a auna zuciyarsa, a ba shi maganin hana jini daskarewa.

To, bayan sallama fa? Jijiya ba ta koma sabuwa ba. Kada ya daina shan magani don ya ji sauƙi. Ya bar taba, ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa tattaki, ya kiyaye ranar ganin likita. Allah Ya ba mu lafiya, amin.