Jawabin Magatakardan Liman a Kan Fili da Ɗakin Shari'a

   

Liman ya umurce ni in faɗi dalilin da ya sa muka fara kai maganar wannan fili gaban alƙali tun ba a sari ƙasa ba. Kafin in faɗa, sai na tuna muku irin ƙasar da muke zaune a cikinta.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk bakin iyaka suke, kudu maso yammacin Katsina. Mutumin Ƙanƙara ko na Faskari in ya miƙa yamma, sai ya faɗa Zamfara ta wajen Tsafe. Na Sabuwa kuwa maƙwabcin Birnin Gwari ne. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin Katsina yawa, masara da auduga suna yi, ga duwatsu, ga daji, ga farar ƙasa a Ƙanƙara, ga babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa Sheme da 'Yankara. To, inda gona take da albarka, nan baƙi ke sauka, nan kuma gardamar iyaka da ta gado ke yawa.

Bayan zuwan Turawa Katsina a 1903, shari'a ta zauna a hannun En'e. Alƙali yana zaune, muhuti na gefensa yana rubuta hukunci da Larabci, wanda bai gamsu ba ya ɗauki hanyar Katsina, tafiyar kwanaki. Wajen 1968 aka karɓe kotuna daga En'e aka mai da su hannun gwamnati, suka zama kotunan yanki. Babban birninmu Kaduna ne har 1987, da aka yi Jihar Katsina. A 2000 kuma kotunan Shari'ar Musulunci suka kafu. Suna ya yi ta sauyawa, amma abin da alƙali ke tambaya bai sauya ba: ina shaidunka, ina takardarka?

Iyayenmu ba su damu da takarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shaidarsu layin gamba ne, da tsohuwar kuka, da dattijon da ya ga ranar da aka raba. Amma kun san abin da ya same mu. Tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, fiye da 300, a Disamba 2020, ƙauyuka sun watse saboda 'yan bindiga, gonaki sun koma saura. Gamba ta ƙone, dattawan da yawa sun rasu a gudun hijira. Ranar da maraya zai koma neman gonar ubansa, wa zai nuna masa inda ta tsaya?

Saboda haka aka auna wannan fili ƙafa da ƙafa, magadan mai bayarwa suka furta da bakinsu cewa wakafi ne, shaidu suka sa hannu. Takarda uku ce: ɗaya a kotu, ɗaya wajen hakimi, ɗaya wajen Liman. Duk mai gona ko kangon gida da yake so a rubuta masa iyakokinsa kafin ya je gaban alƙali, ya zo da maƙwabtansa biyu zauren Liman ran Jumma'a bayan la'asar. Ba a biyan ko kwabo.