Shahada: Ma'anarta, Furucinta da Nauyinta

Batun yau kalma ɗaya ce da Bahaushe ya aro daga Larabci ya ɗora mata kaya iri-iri: shahada.

Tushenta haruffa uku ne, shin da ha da dal, masu nufin halarta da gani da ido. Daga nan aka sami kalmar shahada da ake shiga Musulunci da ita, aka sami shaidar da alƙali ke nema, wadda a baki ta kan koma sheda. Furucin yana son kula. A Larabci, in aka ja wasalin farko, shaahid, mai ba da shaida ake nufi. In aka ja na biyu, shahiid, wanda ya rasa ransa saboda Allah ke nan. Rubutun boko ba ya nuna jan wasali, sai Hausa ta raba gardama da kanta: wancan shaida, jam'i shaidu, wannan shahidi, jam'i shahidai.

Tarihi ya san masu wannan suna. Sumayya, mahaifiyar Ammar, ita ce ta fari, a hannun Abu Jahil a Makka. A Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, sahabbai kusan 70 suka kwanta, cikinsu har da Sayyidina Hamza. A ƙasar nan, yaƙin Tsuntsuwa na 1804 ya ci jama'ar Shehu Ɗanfodiyo wajen 2,000, da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sannan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya faɗi a Burmi a 1903 yana fuskantar Turawa.

Fiƙihu bai bar kalmar sakaka ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin Malikiyya: shahidin fagen fama ba a yi masa wanka, ba a sallace shi, da tufafin jikinsa ake rufe shi. Akwai kuma waɗanda hadisai suka ba ladan shahada amma ana yi musu sutura kamar kowa: wanda annoba ko ciwon ciki ya kashe, wanda ruwa ya ci, wanda gini ya danne, wanda aka kashe yana kare dukiyarsa, da macen da ta rasu wajen haihuwa. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Ladan da ake fata mata ta'aziyya ce ga dangi, ba lasisi ba ne ga mijin da ya hana zuwa awo, ko hukumar da ta bar asibitin ƙauye ba ungozoma.

A kasuwa kalmar ta yi sauƙi: mutum ya yi shahada ya zuba jarinsa kaf a kaya ɗaya, mai ganganci kuwa a ce ya yi shahadar ƙuda. Wannan ba ya cutar da kowa.

Wanda ya cutar shi ne fashin da masu ƙunar baƙin wake suka yi wa kalmar. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kashe masallata sama da 100 a Babban Masallacin Kano. Waɗanda aka kashe su ake fata wa shahada, ba makasansu ba. Buhari ya kawo labarin jarumin da ya yi yaƙi sosai, rauni ya yi masa zafi ya kashe kansa, Annabi (SAW) ya ce ɗan wuta ne. Har babi Buhari ya ware kan rashin yanke wa wani mutum shahada, domin niyya Allah kaɗai ya san ta.

Don haka kira ga 'yan jarida da masu wa'azi da 'yan siyasa: a daina raba wannan suna kamar sarauta. A ce ana kyautata wa mamaci zaton shahada, a roƙi Allah ya karɓa, sannan a matsa wa hukuma ta gurfanar da wanda ya zubar da jininsa.