Tarihin Kohlberg a Kundin Ilmi: Jawabi ga Ɗalibai a Aliero



Maganarmu ta yau a kan gyaran tarihin masana ce a cikin insakulofidiya, wato kundin ilmi irin Wikipedia ta Hausa, wanda kowa ke iya sa hannu ya gyara. Mun ɗauki Lawrence Kohlberg misali, domin duk mai koyon aikin malanta sai ya gamu da sunansa.

Da farko dai sai a tabbatar da shekaru. An haifi Kohlberg a Amurka a 1927, ya sami digirin dakta a Jami'ar Chicago a 1958, ya koma Harvard a 1968, ya rasu a 1987. Ya ɗora aikinsa a kan na Jean Piaget, wanda ya rubuta littafi game da hukuncin yara kan daidai da kuskure a 1932.

Na biyu, a bayyana yadda ya yi binciken. Yakan ba yaro labarin wani mutum, Heinz, wanda matarsa ke bakin mutuwa, mai magani kuwa ya tsawwala kuɗi. Shin ya sace maganin ko ya bari? Dalilin da yaron ya kawo shi ne abin aunawa. Daga nan ya fitar da matakai 6, tun daga tsoron horo, zuwa neman yabo da bin doka, har zuwa riƙon adalci don kansa.

Na uku, kada a ɓoye iyakar aikin, kuma nan ne nauyin ya fi hawa kanmu. Yara 72 ya fara da su, dukkansu maza, 'yan Chicago. A 1982 Carol Gilligan ta ce ma'aunin ya tauye masu yanke hukunci bisa tausayi da zumunta. A 1985 John Snarey ya duba bincike 45 daga ƙasashe daban-daban, ya ga da wuya a sami mataki na 5 a cikin mutanen karkara. To, malamin da ya karanta matakan nan ba tare da wannan bayani ba, sai ya koma ƙauyensu yana ganin dattijon da ke sasanta rikicin gona bai kai ɗan birni tarbiyya ba.

Na huɗu, a sa abin da ya shafe mu. Muhammad Maqsud, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya gwada ma'aunin nan a kan samarin Musulmi na Nijeriya, ya buga sakamakonsa a 1977. Haka kuma Anthony Kirk-Greene a 1974 ya lissafa halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe, har da amana da kunya da haƙuri da karamci. Mai karatu na da haƙƙin ya san cewa muna da namu ma'aunin.

Saboda haka, kowace jimla a nuna littafin da aka samo ta, a bambanta maganar Kohlberg da ta masu sukarsa, a rubuta da Hausar da ɗan sakandare zai gane. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne.

Allah ya ƙara mana basira.