Tsakanin Aji Shida da Ƙofar Kwaleji



Iyayenmu malamai, shugabannin kwamitocin masallatai, da ku masu fitar da zakka, Allah ya saka muku da alheri.

A watannin da ke tsakanin kammala sakandare da shiga kwaleji muke asarar 'ya'yan talakawa. Yaro zai fito da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, amma ba shi da lambar NIN, wadda sai da ita ake rajistar JAMB. Wani bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba, alhali da ita ake zana jarrabawar. 'Ya mace kuwa, in ta rasa shekara guda, sau da yawa maganar karatu ta rufu ke nan.

Wasu iyayen jami'a kawai suke hange. Mu dai ba mu ga abin rainawa a difloma ta shekara biyu ko NCE ta shekara uku ba, musamman ga ɗalibin da zai riƙa kwana a gidansu.

Zakka za ta ɗauki kuɗin rajistar mabuƙata. Horon kwamfuta kuwa sai da wakafi, domin hidima ce ta kowace shekara. Muna roƙon kowane kwamiti ya aiko mana da sunayen ɗaliban unguwarsa kafin a buɗe rajista.